Hannun da Na Kai Ɗakin Sanyi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci zafi da sanyi, ya kuma ba ɗan Adam fatar da zai ji su da ita.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da wannan ke nufi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce wa wanda ke kusa, "Ina yaron nan?" ko da kuwa ina zaune a gabansa. Ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi sosai ba, kuma Malam nake ce masa kamar yadda kowa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Badun, yake faɗa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da muka gada. In akwai magana mai nauyi tsakaninmu, ƙaninsa, wanda nake kira Baffa, shi yake ɗauka daga wannan bakin ya kai wancan kunnen.

Malam ya daɗe yana karantar da fatake da matan unguwa hukuncin tsarki da salla. Ya tsara karatun nan cikin waƙa da Hausa, yana riƙe da ita a ka, bai taɓa sa ta a takarda ba. Da yanar ido ta fara rufe masa gani sai ya tsorata kada ya tafi da ita. Baffa ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Yayana yana so a rubuta. Ya ce almajiransa da yawa suna da hannu, amma shi hannun gidan nan yake so." Ban yi barcin kirki ba don murna. Ajamina yana da kyau a lokacin, ba yabon kai ba, har daga unguwar Mokola ake zuwa a ce in rubuta wa yaro allo.

Muka fara zama bayan la'asar a zaure. Malam a kan buzunsa yana fuskantar bango, ni a gefe da takarda a gwiwa. Yana rera baiti, ina rubutawa. Ba ya cewa "ka gama?" Ƙarar alƙalami yake saurare, in ta tsaya sai ya ci gaba. A duk rayuwata ban taɓa kusantarsa kamar a zaman nan ba.

Ana cikin haka ƙasa ta rikice. Mutanenmu da yawa suka kwashe iyali suka yi Arewa, waɗanda suka rage kuma kowa yana tafiya yana waige. Da yaƙin basasa ya kankama motocin goro suka ragu, fataken da ke sauka a unguwa su zo neman addu'a su ajiye abin sadaka suka ɗauke ƙafa. Gida kuwa cike da baki. Ga Malam, ga matansa, ga ƙannena, ga matata da jaririnmu. Wata rana na ga an sauke tukunya ba a kira kowa ba sai yara, na san lokaci ya yi da zan fita.

Akwai wani tsohon mahauci a bayan layinmu, mutum mai baki, ba ya gaisawa da kowa sai ya tsokane shi. Shi ya tare ni a bakin masallaci.

"Ɗan malam, ka iya riƙe wuƙa ko sai alƙalami?"

Na ce na iya yankan layya.

"To ai shi ke nan. Akwai gidan kaji can bayan gari wajen Akinyele, suna neman Musulmin da zai riƙa yanka, don sojoji da masu otal su yarda su saya. Ni kaɗai nake yi, wuyana ya gaji. In ka zo za su ji daɗi, yankan ɗan malam ko kazar ma sai ta yi godiya."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A Sabo ta wancan zamani fawa tana da gidajenta, malanta tana da nata. Ana gaisawa, ana salla sahu ɗaya, amma ɗan malam ba ya zama ɗan fawa, kuma in ya zama, ba shi za a zarga ba, ubansa za a duba. Na ce masa zan zo, da sharaɗin kada a ji. Ya ce, "Bakina da ka gani, yana da ƙofa. Ba na rufe ta ne kawai."

A gida na ce na sami aiki a wata gona. Ba ƙarya na yi ba, gona ce. Malam ba zai tambaye ni ba, ni kuma ba zan faɗa ba. Matata kaɗai ta san gaskiya, don ita ke wanke rigar.

Bayan asuba nakan taka zuwa shataletalen Mokola, can nesa da inda 'yan unguwa ke tsayawa, in hau motar ma'aikata. Wurin wata doguwar rumfa ce ta kwano. A bakinta muke yanka, ni da tsoho. Daga nan a tsoma kajin a tukunyar ruwan zafi, mata su fige, a fasa ciki, a jefa su cikin manyan kwatamai na ruwan ƙanƙara. Daga ƙarshe akwai ɗaki mai ƙofa mai kauri kamar ta kurkuku, inji yana gunji a bayansa dare da rana. Shi ne ɗakin sanyi.

Na ɗauka yanka kawai zan yi. Ashe yanka yana ƙarewa da hantsi, kuma ba a biyan mutum don ya zauna. Shugabar mata, wata Bayarabiya mai ƙiba da kowa ke kira Iya, ta nuna mini kwatami ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Alfa kekere, zo nan. Hannu biyu Allah ya ba ka." Ƙaramin malam take nufi, kuma sunan ya bi ni. Aikina shi ne in tsamo kaji daga ruwan ƙanƙara, in jera a akwati, in kai ɗakin sanyi in shirya su a kan katako.

Ranar farko da na shiga ɗakin nan na yi salati da ƙarfi. A Badun aka haife ni, garin da mutum ke gumi yana cikin wanka. Ban san akwai sanyin da ke cizon haƙori ba. Numfashina ya fito fari kamar hayaƙi, gashin hancina ya sandare. Na fito a guje, mata suka yi ta dariya har da tafi. Tsoho ya ce, "Ka ga lahira ka dawo? Me suka ce a gaya mana?"

A jikin ƙofar akwai ƙusa, an rataye safar hannu ta fata, masu kauri, daga Turai aka kawo su tare da injin. Na kai hannu zan ɗauka, tsoho ya buge mini hannu.

"Kai! Fatar alade ce."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani. Ka ga wani mai salla ya sa?"

Na duba, gaskiya ne. Kiristocin cikinmu suna sawa, Musulmi kuwa, Hausawa da Yarabawa, ba mai taɓawa. Ban san wanda ya fara faɗin maganar ba, na tarar da ita ta riga ta zauna. A karatuna na san ba a haramta abu da ji-ta-ji-ta, amma na san kuma fatar alade tana da hukuncinta mai tsanani, kuma ilimina bai kai in yanke ba. Ga shi duk idanu suna kaina. In ɗan malam ya sa, me za a ce? Na janye hannuna. Wanda zai warware mini wannan da kalma ɗaya yana nan a zaurenmu, kullum ina zama kusa da shi har ina jin numfashinsa. Amma in na tambaya, dole in faɗi inda na ga safar.

Sanyi ba ya kama mutum rana ɗaya. Da farko yatsu ne suke yin fari fat daga kai, kamar an zuƙe jininsu. Sai su mutu, ka taɓa abu ba ka san ka taɓa ba. In ka fito rana sai su koma shuɗi, sannan ja, sannan ciwo ya zo kamar ana soka maka allura a ƙarƙashin farce. Fatar bayan hannu ta tsage, gishirin gumi yana shiga. Mura ba ta sake ni ba tun makon farko. Ƙasan rumfar kullum a jiƙe yake da ruwan ƙanƙara, tafin ƙafa ya yi fari ya saɓule, gwiwa tana ƙara in na durƙusa. Matan da ke kusa da kwatami suna ɗaure wuyan hannu da tsumma, wata ma ba ta iya ɗaga tulu in ta koma gida. Tsoho yana da tari mai zurfi wanda in ya taso masa sai ya dafa bango. Sau da yawa mutum zai ga jini a kan kaza ya yi ta neman inda ya fito, ashe nasa ne, wuƙa ta yanke shi bai ji ba.

Kuma ba wanda za ka kai wa kuka. Ka ce sanyi yana cinka a Badun? Sai a ce aljanu ne.

Tsoho ya koya mini dabarar da kowa ke yi. In yatsu suka mutu, sai ka je tukunyar fige kaji ka tsoma su cikin ruwan zafi, ka ƙirga kaɗan, ka cire. Nan da nan jini ya dawo, ka koma aiki. "Maganin sanyi wuta," in ji shi. "Ko jariri ya sani." Iya takan yi mana tsawa in ta gani, tana cewa mu sa hannu a hammata mu jira. Amma jira yana cin lokaci, akwatuna suna taruwa, kuma wane namiji ne zai tsaya a gaban mata da hannu a hammata kamar marainiya?

Ina dawowa gida ta bayan layi. Matata takan ajiye mini ruwa da sabulun salo da lemon tsami, in goge ƙarnin kaji har fata ta yi zafi, in sa wata riga, in shafa turare, sannan in fito zaure kamar wanda ya tashi daga ƙailula. Tana shafa mini man kaɗanya a tsagar hannu tana ƙunƙuni.

"Wannan hannun ba zai kai ka ba. Ka gaya wa Baffa mana."

"In gaya masa me?"

"Abin da kake gaya mini da dare in kana juyi."

"Ke dai shafa."

"Ina shafawa. In ya guntule ma sai in shafa wa guntun."

A masallaci na koyi ɓoye hannu cikin hannun riga. Bayan wazifa, in ana musafaha, nakan ba da yatsu a gurguje in janye. Wani dattijo ya taɓa riƙe ni ya ce, "Kai, hannunka kamar na gawa. Lafiya?" Na ce alwala na sake. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Rubutu ya fara canzawa a hankali. Ɗan yatsan nuni da na tsakiya ba sa jin alƙalami sosai, sai in matse shi da ƙarfi don in tabbata yana nan. Haruffa suka yi kauri. Wutsiyar harafin da nake ja siririya ta koma kamar an ja ta da tsinke. Fiƙe alƙalami ma ya zama aiki, sau biyu ina yanke kaina. Na riƙa jinkiri, Malam yana jiran ƙarar ta tsaya, ita kuwa tana tsayawa a inda bai kamata ba. Sai dai na lura ya rage tsawon abin da yake rerawa a zama ɗaya, yana cewa bango, "Yau ƙirjina ba daɗi, a tsaya nan."

Ranar da muka iso babin fatu ba zan manta da ita ba. Ya rera abin da ya shafi fatar abin da aka yanka, da ta mushe, da wadda aka jeme, da abin da mutum zai yi in yana shakka. Ina rubutawa da yatsun da ba na ji, amsar tambayata tana fita daga bakinsa tana bi ta hannuna. Abin da ya rage kawai in ce, "Malam, in mutum bai tabbata ba fa, kuma sanyi yana cutar da shi?" Na buɗe baki. Sai na ce, "Tawada ta yi kauri," na tashi na ƙaro ruwa.

Da azumi ya matso aiki ya ƙaru, ana ta kai kaya bariki. Wata rana na daɗe a ɗakin sanyi fiye da kullum, don katakon ya karye sai da muka sake shiri. Na fito hannun dama kamar ba nawa ba. Na nufi tukunya na tsoma. Ban ji komai ba, sai na bar shi, ina jira in ji. Ashe an ƙara wuta ba da daɗewa ba. Iya ce ta fizgo ni ta baya tana ihu da Yarabanci, ta tura hannun cikin ruwan randa. "Pele, pele," take cewa, wato sannu, tana kuma zagina a tare. Kafin mu hau mota yatsu biyu sun yi bororo, fatar ta tashi ta yi fari kamar ta kazar da muke figewa. Tsoho bai yi wasa ba ranar. Ya zauna kusa da ni a mota yana kallon waje, can ya ce, "Ni na saba, fatata ta zama ƙirgi. Na manta taka ta takarda ce."

Matata ta ce asibiti. Na ce in na je asibiti unguwa za ta ji. Ta sa mini zuma ta naɗe da tsumma mai tsabta. Na aika wa Malam ta bakin ƙanena cewa zazzaɓi nake yi, aka ɗaga zama. Amma aiki ban fasa ba, don in na fasa wani zai karɓa. Na riƙa yanka da hannun a naɗe, ina tsamo kaji da hagu, ruwan kwatami yana jiƙa tsumman duk da haka. Bayan 'yan kwanaki ɗan yatsan tsakiya ya fara warkewa. Na nuni kuwa ya kumbura, kansa ya yi baƙi, yana zogi har kafaɗa, kuma ya fara wari.

Sai Baffa ya zo ya ce wasu abokan Malam, malamai uku na unguwa, za su zo ranar Alhamis bayan la'asar su ji inda aka kai, kuma Malam yana so a ɗora baiti kaɗan a gabansu don albarka. Ya dubi hannuna da ke cikin riga ya ce, "Zazzaɓin ya sauka?" Na ce ya sauka.

Na sa babbar riga, na zuba turare fiye da kima. Zaure ya cika, har da almajirai a bakin ƙofa. Na karanta abin da aka rubuta, suka yi ta cewa madalla. Ɗaya daga cikin malaman ya karɓi takardun yana dubawa. Na ga ya tsaya a na baya-bayan nan, ya kai su kusa da ido, ya dube ni, ya mayar da su. Gumi ya keto mini.

Malam ya gyara murya ya rera baiti. Na fito da hannun, na saƙala alƙalami tsakanin babban yatsa da na tsakiya, na nuni yana tsaye a naɗe. Na ja harafin farko. Na biyu ya karkace. A na uku alƙalamin ya goga kan ciwon, wani abu ya tsarga mini har ƙwaƙwalwa, alƙalamin ya suɓuce ya faɗi. Tsumman ya jiƙe, abin da ke ciki ya ɗiga a kan takarda, kusa da sunan Allah.

Warin ya fi ƙarfin turaren.

Malam ya ce wa bango, "Alƙalami ya yi shiru."

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya juyo daga bangon ya fuskance ni, ya miƙo hannu yana lalube a iska. Na ja baya. Ya kira sunana. Sunana na yanka, a gaban mutane, da muryar da ban san yana da ita ba. Ya ce, "Ba ni hannun."

Na ba shi. Ya bi tsagar bayan hannun da yatsunsa, ya taɓa kumburin, ya kai shi kusa da hancinsa. Mutane suna ba da labarin irin wannan su ce sun ji sanyi a rai. Ni ban ji ba. Ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Ga malaman unguwa, ga almajirai, ga hannun ɗan malam yana warin ruɓa da ƙarnin kaji a tafin ubansa.

"Wuta ce ko sanyi?" ya tambaya.

Na ce, "Duka biyu."

"Ba su ba ku abin sawa?"

Na faɗi maganar safar, kaina a ƙasa, muryata kamar ta yaro. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi salati.

"Wa ya ga aladen?" in ji Malam. "Da hannun nan ka rubuta babin. Abu yana kan tsarkinsa sai an tabbatar. In ma an tabbatar, garin nan ya rasa tsumma ne? Ya rasa ulu da mai ɗinki?" Sai ya juya inda yake jin Baffa, bai saki hannuna ba. "Tun watan farko nake jin ƙarni a ƙarƙashin turare. Na san inda naman da ke shiga tukunyar gidan nan yake fitowa. Na ce in na yi magana zan kunyata shi. Kai ma ka sani ka yi shiru. Mun zauna muna kunya, yaro yana ruɓewa a gefena."

Baffa ya ce, "Yaya, a bar maganar sai baƙi sun tafi."

"Baƙi sun riga sun shaƙa. Ka tashi ka kai shi."

A asibiti suka cire gaɓar farko ta ɗan yatsan nuni. Likitan ya ce da na ƙara kwanaki da hannun ne gaba ɗaya. Ya ce kuma naman da sanyi ya kashe ba a kai shi wuta, a hankali ake ɗumama shi da ɗumin jiki. Na tuna Iya da hammatarta. Na tsakiya ya warke amma ya ƙi lanƙwasa sosai har yau.

Labari kuwa ya gama Sabo kafin in dawo. Ba wanda ya faɗa mini magana a fuska. Gaisuwa ce ta yi tsawo, ana ce mini "ya hannu?" da wata irin murya. Na yi makonni ina salla a sahun baya. A zaman tahiya, in na ɗaga guntun yatsan, sai in ji kamar duk masallaci shi ake kallo.

Na koma gidan kajin da na warke, don yunwa ba ta san an yi abin kunya ba. Wannan karon ta ƙofar gida nake fita. Matata ta ɗinka mini safa da tsohon bargo, ninki biyu, ta ɗinka wa tsoho ma. Ya juya tasa ya ce, "Wannan fatar wace dabba ce? A tambayo mana Malam." Na gaya musu abin da Malam ya ce game da na jikin ƙusa. Wasu suka fara sawa, wasu suka ce su dai a bar su. Har na bar wurin bayan yaƙi ban san ko fatar mece ce ba. Tarin tsoho bai sake shi ba, da shi ya koma ga Allah. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, bai nufe ni da sharri ba.

Na gwada komawa rubutu. Na yi ta gwadawa a allo ni kaɗai, amma abin da ke fita ba hannun da Malam ya nema ba ne, kuma ƙarfinsa yana raguwa, ba zai jira in koyi sabon riƙo ba. Ni da kaina na ce wa Baffa a ba wani. Aka ba wani almajirinsa mutumin Ilori, mai natsuwa, mai tsabtar rubutu. Ni nake dama masa tawada. Nakan zauna a bakin ƙofa ina jin ƙarar alƙalaminsa a inda tawa take, Malam yana fuskantar bango kamar da. Bai sake kiran sunana ba har ya rasu. Sau ɗaya ɗin nan ne.

Da aka zo haɗa littafin na roƙi Baffa alfarma ɗaya. Na ce takardun nan nawa na ƙarshe, masu kaurin haruffa, da wadda ta ɓaci, a cire su, almajirin ya sake rubutawa, don kada a gani. Baffa ya shiga ya fito.

"Ya ce wadda ta ɓaci a wanke ta a binne ruwan, a sake ta. Sauran kuwa a bar su."

"Baffa, ka gaya masa ba su da kyau. Ba ya gani ne."

"Na gaya masa. Ya ce ya sani, da kunnensa ya ji lokacin da ake yin su. Ya ce da su aka ci tuwo a gidan nan, ba za a fitar da su ba."

Littafin yana wurina yanzu, cikin gafakarsa. Ana aro a kwafa a dawo da shi. Duk wanda ya buɗe zai ga siririn hannu mai kyau a farko, ya ga yana kumbura yana karkacewa shafi bayan shafi har babin fatu da abin da ya biyo, sannan wani hannu dabam ya karɓa. Masu aro sukan tambaya ko mutum uku ne suka rubuta. Nakan ce biyu ne. In suka ƙara tambaya sai in ce su sha ruwa tukuna, labarin yana da ɗan tsawo. Har yanzu kafin in fara sai na ji hannun ya shige cikin riga da kansa, sai na fito da shi na ajiye a gwiwa.

Idan hadari ya haɗu ta wajen Akinyele, guntun yatsan nan yakan riga kowa sani. Yakan yi fari, ya yi sanyi, a tsakiyar zafin Badun. Sai in sa shi a hammata in jira, ko da akwai mutane. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya bari ya amfani masu karatu.